Bahar Maliya: Tekun da Hamada ta Raɗa wa Suna

Wannan maƙala za ta dubi tarihin tekun Bahar Maliya ne ta fuskar sunansa. Bahaushe bai bi Bature ya kira shi jan teku ba. A ganina, daga Larabci ya aro sunan, wato al-bahr al-malih, teku mai gishiri, kuma sunan ya dace ƙwarai da gaske.

Dalili kuwa shi ne, tekun yana kwance tsakanin hamada biyu, ta Afirka da ta Larabawa. Tsawonsa ya haura kilomita 2,000, amma babu kogi ko ɗaya da ke kwarara cikinsa rani da damina. Rana na shanye ruwan, gishiri na taruwa, har ya kai kimanin kashi 40 cikin 1,000, alhali na manyan tekuna bai wuce 35 ba. Kafin a buɗe mashigin Suwez a 1869, ƙofa ɗaya tak gare shi, wato Babul Mandab da ke kudu, mai faɗin kilomita 30 ko kusa da haka. Saboda ƙofar nan ne Ingila ta mamaye tsibirin Perim a 1857.

Rashin kogi ya haifar da wani abu kuma. Da yake babu laka, ruwan garau yake, sai duwatsun murjani suka yi ta tsiro a bakin gaɓa, suka zame wa jirage tarko. Shi ya sa tashoshi suka yi ƙaranci, wadda ta samu kafa a tsakanin duwatsun kuwa ta ci kasuwa. Irin wannan sa'a ce Sawakin ta taka a gaɓar Sudan, garin da hatta gidajensa da murjanin aka gina su. Nan alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suke isa, wasu bayan shekaru suna ƙwadago a hanya, sannan su ƙetara zuwa Jidda. Ina kyautata zaton a bakinsu sunan ya iso gida, domin mutumin da ya saba da ruwan rijiya da na gulbi, ɗanɗano zai fara lura da shi kafin launi.

Murjanin da ya ɗaukaka Sawakin shi ya kayar da ita. Ƙofarta ta yi wa manyan jirage masu inji ƙunci, sai Turawan mulki suka gina Port Sudan a arewa da ita, aka buɗe a 1909. Fatake suka ƙaura, gidajen murjani suka soma zubewa, aka bar wa garin jigilar alhazai.