Yadda Rabawa Ta Koma Ɗebewa

Tsakanin rana da duniya akwai kimanin mita 150,000,000,000, haske kuma yana cin mita 300,000,000 a kowace daƙiƙa. Mai neman sanin lokacin da hasken rana ke ɗauka kafin ya iso ƙasa ba sai ya bi sifili ɗaya bayan ɗaya ba. Zai rubuta nisan 1.5 × 10¹¹, saurin kuma 3 × 10⁸. Ya raba 1.5 gida 3, ya sami 0.5, ya ɗebe 8 daga 11, saura 3. Amsa ita ce 0.5 × 10³, wato daƙiƙa 500, minti takwas da daƙiƙa ashirin.

Asalin wannan dabara ya kai ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. A birnin Sirakus na tsibirin Sisili, Arkimidis ya rubuta wa Sarki Gelon cewa ko yashi yana ƙirguwa, har ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da za su cika sararin samaniya ba za su wuce 10⁶³ ba, a rubutun yau. A nan ya nuna cewa idan aka jera lambobi, kowace ta ninka ta bayanta sau goma, ninka biyu daga cikinsu tara matsayinsu ne kawai. Rabawa kuwa kishiyar ninkawa ce, don haka ta zama ɗebewa.

A 1614 John Napier, mutumin Sikotland, ya faɗaɗa dabarar ta shafi kowace lamba, da jadawalin logaridim. Henry Briggs ya gina nasa jadawalin a kan goma a 1624, masana taurari da matuƙan jiragen ruwa suka huta da doguwar rabawa. A 1637 René Descartes ya yaɗa rubuta ƙaramar lamba a kafaɗar babba.

Daga logaridim aka ƙera rular lissafi mai zamewa, wadda injiniyoyi suka dogara da ita har kalkuleta irin HP-35 ta fito a 1972. Rular tana ba da alƙaluman amsa, amma ba ta nuna inda ɗigo zai zauna; a gare ta 5 da 50 da 500 duk ɗaya ne. Injiniya ne ke ɗebe lambobin kafaɗa da ka. In ya kuskure da ɗaya tak, nauyin da ya lissafa wa gada ya ninku sau goma, ko ya ragu haka.