Daga Tafkin Chadi zuwa kwalbar rage teɓa: tarihin sifirulina

Idan kana Gafasa ko Gaya kuma kana da waya a hannu, da wuya tallan wani koren gari bai taɓa faɗo maka ba. Wai "ciyawar teku" ce daga ƙasar waje, tana narkar da kitse, tana sauke teɓa cikin makonni. Duba jikin kwalbar da kyau, sau da yawa sunan da za ka gani shi ne sifirulina. To, ita wannan ba ciyawa ba ce, kuma ba daga teku take ba. Wata ƙwayar halitta ce ƙanƙanuwa, dangin bakteriya, mai kama da gansakuka, wadda ba ta yaɗuwa sosai sai a ruwa mai kanwa. Kanwar nan fa da ka sani, irin ungurnun da fatake suka daɗe suna kawowa ƙasar Kano daga wajen Borno, wadda ake sa wa ɗanwake da miyar kuka.

A gabas da Tafkin Chadi, a yankin Kanem, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa, irin su Kossorom. Can matan Kanembu ke kwasar koren kumfan da iska ta tara a bakin ruwa, su zuba shi a ramukan da suka shafe cikin rairayi. Ruwan ya tsotse, rana ta busar da sauran, sai a yayyanka shi gunduwa-gunduwa a kai kasuwa. Suna kiransa dihe. Miya ake yi da shi, a ci da tuwon gero. Ka lura, abinci ne na cika ciki da ƙara ƙarfi, babu wanda ya ɗauke shi maganin rama.

Masana kimiyya sun makara. A 1940 wani Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya yi bayanin dihe, amma yaƙin duniya ake yi, ba wanda ya kula. Sai a tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga gunduwoyin a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Da aka auna, aka tarar fiye da rabin busasshen nauyinsa furotin ne, sinadarin gina jiki. Daga nan aka tuna cewa mutanen Aztek na Meziko ma sun ci irinsa daga tafkin Texcoco, kuma a can aka fara sarrafa shi don kasuwa a shekarun 1970. Burin lokacin shi ne yaƙi da yunwa. Har a Wagadugu an gwada haɗa shi da kunun yara masu tamowa, don su ƙara nauyi.

To ina zancen rage ƙiba ya samo asali? Daga kasuwar Amurka, a farkon shekarun 1980. Aka yaɗa cewa wani sinadari a cikinta yana kashe sha'awar abinci, alhali sinadarin nan yana cikin wake da nama da ƙwai. Abin da aka nemo don mai rama, shi aka juya ana sayar wa mai son ramewa. (Mu ma dai nan, ai rumfa ɗaya kan sayar da maganin ƙiba da na rage ta.)

Gaskiya, an yi gwaje-gwaje a kan mutane daga baya. Yawancinsu ƙanana ne, na 'yan makonni, kuma raguwar da aka gani ba ta wuce kilo ɗaya ko biyu ba. Ni a ganina wannan bai kai kuɗin kwalbar ba. Ita ma ciyawar teku ta ainihi haka labarinta yake: a 2005 masu bincike a Jami'ar Hokkaido ta Japan sun nuna cewa wani sinadarin launi na cikinta yana sa ƙwayoyin kitse su ƙona mai, amma a jikin ɓeraye aka gani. Kuma wasu nau'o'inta cike suke da aidin, wanda yawansa kan rikita aikin ƙullin maƙogwaro.

Abin da ya fi damuna shi ne garin da ake ƙullawa a leda babu suna babu lambar NAFDAC. Idan ruwan da aka noma sifirulinar ya gauraya da wasu danginta masu dafi, dafin hanta yake kamawa, kuma ido ba ya bambance su, duka kore ne.