Duba magudanan ruwa kafin damina: kariya daga kwalara da zazzaɓin cizon sauro a Batsari da Safana

A garuruwan Batsari da Safana, ruwan wanka da na wanke-wanke yana bi ne ta kwata da lambatu, bayan gida kuma yana taruwa a salga. Idan leda da yashi suka toshe lambatu, ruwan sama yakan kwanta a unguwa, ya shiga salga, ya kwashi ƙazanta zuwa rijiya. Ta haka kwalara da taifot ke shiga gida. A annobar 2021, kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, kuma Katsina na cikin jihohin da ta shafa.

Ruwan da ya kwanta kuma matattarar sauro ne. A lokacin zafi, ƙwan sauro kan zama babban sauro cikin kwana 7 zuwa 10.

Yaushe za a duba?

A watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka, sannan bayan kowane ruwa mai ƙarfi, musamman a Agusta. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta nuna irin ɓarnar da ruwan dare ɗaya kan yi a wannan yanki.

Me za a duba?

- Lambatu da kwalbati: a yashe su, a kwashe abin da aka fitar zuwa bola, kada a bar shi a bakin hanya ya koma ciki.
- Salga: a duba ko ta tsage ko ta kusa cika, a yi mata murfi.
- Rijiya: ta yi nisan aƙalla mita 30 da salga, a ɗaga bakinta.
- Bututun famfo da ya ratsa kwata: a gyara duk inda ya fashe.

Alhakin wa ne?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da magudanai da kwashe shara a kan ƙaramar hukuma. Ku kai rahoton kwalbatin da ya karye ga mai unguwa ko duba-gari. Yana da kyau kowace unguwa ta riƙe littafin da ake rubuta wuraren da ke toshewa da ranar da aka yashe su.

Idan wani ya kamu da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.