Gawo: Kamanninsa da Amfaninsa a Gona

Gawo itace ne mai ƙaya da ake samu a gonakin ƙasar Hausa, musamman a jigawa da bakin fadama. Masana suna kiransa Faidherbia albida, kuma yana cikin tsirran da J. M. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa a littafinsa na 1916.

Mai sha'awar nazarin tsirrai zai gane shi ta ƙayarsa da ke fitowa bibbiyu a gindin ganye, da 'ya'yansa masu lanƙwasa, ruwan goro. Abin da ya bambanta shi da sauran itatuwa shi ne yana kaɗe ganye da damina, ya yi tofo da rani. Saboda haka inuwarsa ba ta danne gero ko dawa, ganyen da ya zuba kuma yana zama taki. 'Ya'yansa abinci ne ga awaki da tumaki sa'ad da ciyawa ta ƙare.

Ana kira ga manoma da masu unguwanni da su riƙa barin tsiron gawo lokacin sharar gona, domin idan aka sare babba, sai an yi shekaru kafin a sami madadinsa.