Matar da ta koya wa nas-nas sauraron bakwaini



Kwanakin baya yayata ta haifi bakwaini, aka sa shi a kwalba. Ina leƙensa ta gilashi sai na ga ya ware yatsun hannu, ya yi hamma, ga shaƙuwa. Na ce wa nas ɗin, "Sista, yunwa yake ji ne?" Ta ce, "A'a, yanzu aka ɗebi jininsa, ya gaji. Cewa yake a ƙyale shi." To ni dai na yi shiru. Yaron da ko kukan kirki bai iya ba, ya aka yi ta san me yake cewa? Wannan tambayar ce ta kai ni ga tarihinmu na yau.

Ita kwalbar tsohuwar aba ce. Wajen 1880 wani likita a Faris, Stéphane Tarnier, ya ga na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, ya sa aka ƙera irinta don jarirai. Aka samu ɗumi, yara suka fara rayuwa. Sai dai kusan shekara 100 bayan haka, abin da ake aunawa shi ne nauyi, numfashi da bugun zuciya. Abin da jaririn ke ji kuwa, ba a cika damuwa da shi ba. Kai, har cikin shekarun 1980 ana yi wa bakwaini tiyata a Amurka ba tare da isasshen maganin kashe zafi ba, wai jijiyoyinsa ba su nuna ba. Sai a 1987 binciken Dakta Anand da abokan aikinsa ya nuna cewa suna jin zafin sosai. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye waya.

A wannan zamanin ne Heidelise Als, haifaffiyar Jamus, masaniyar halayyar ɗan'adam a asibitin yara na Boston, ta ɗauki wata hanya. Zama take yi gefen kwalba tana kallo kawai. Ta ɗora a kan aikin Berry Brazelton, wanda ya fitar da ma'aunin halayyar jarirai a 1973, ta fitar da nata na bakwaini a 1982, sannan ta kafa tsarin horon da ake kira NIDCAP.

Ga yadda horon yake. Nas za ta tsaya da takarda, kowane minti 2 tana rubuta abin da ta gani: kafin a taɓa jariri, lokacin da ake masa aiki, da bayan an gama. Launin fata ya canza? Ya kau da ido? Ya sandare ƙafa, ya banƙare? Alamun ya ƙosa ke nan. In ya kai hannu baki, ya dunƙule jiki, ko ya tokare ƙafa da gefen shimfiɗa, to yana ƙoƙarin lallashin kansa ne, sai a taimaka masa. Daga nan ake rage haske, a rufa wa kwalba mayafi, a daina buga ƙofarta, a bari ya farka kafin a canza masa ƙunzugu. Uwa kuma ta daina zama baƙuwa a ɗakin.

Kar in yi muku zuƙi-ta-malle, masana ba su gama yarda ba. Binciken Als na 1994 ya nuna yaran sun fi saurin barin na'urar numfashi, amma wasu da suka tattara bincike daga baya sun ce hujjar amfaninsa ga ƙwaƙwalwa bayan shekaru ba ta da ƙarfi. Horon ma yana da tsawo da tsada. Kuma nas ɗin da aka bar wa ɗaki guda ita kaɗai, ina ta ga lokacin zaman kallo? A ganina nan gizo ke saƙar a wajenmu.

Als ta rasu a 2022. Ɗan yayata kuwa an sallamo shi, har yanzu in hayaniyar 'yan barka ta yi yawa sai ya ware yatsun nan, uwar ta ɗauke shi ta shige ɗaka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.