Baƙin Fentin Ford da Masu Raya Tsofaffin Motoci

Duk mai raya tsohuwar mota, a Amurka yake ko a Ingila, akwai tambayar da ya kamata ya amsa kafin ya tsoma burushi: wane irin fenti aka shafa wa wannan ƙarfe ranar da ya fito daga masana'anta?

A farkon ƙarni na 20, yadda ake yi wa keken doki fenti haka ake yi wa mota. A shafa da burushi, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, har mota guda ta cinye makonni. Da Henry Ford ya kafa layin harhaɗa motoci a Highland Park a 1913, sai wannan jinkiri ya zame masa ƙarfen ƙafa. Motarsa Model T, wadda ta fito a 1908, da fari akwai ja da kore da shuɗi da ruwan toka, amma daga 1914 zuwa 1925 baƙa kaɗai ake yi. Baƙin fentin nan, wanda aka haɗa da wani nau'in kwalta, yana da araha da ƙarko. Akan tsoma sassan ƙarfe zalla, kamar murafun da ke bisa tayoyi, a cikinsa, sa'an nan a gasa su a tanda. Shi kuwa jikin motar, da yake akwai katako cikinsa, ba ya jure wannan zafi, saboda haka wani fenti dabam ake kwarara masa. Ashe ko a mota ɗaya baƙin ba iri ɗaya ba ne.

Kamfanin DuPont ne ya sauya al'amarin da fentinsa Duco, wanda ake fesawa ya bushe cikin sa'o'i. General Motors ya fara amfani da shi a motar Oakland samfurin 1924, mai launin shuɗi. Ford ma ala tilas ya komo da launuka a 1926, shekara guda kafin a daina ƙera Model T, bayan an yi fiye da miliyan 15.

Fentin zamani ya fi na da sheƙi nesa ba kusa ba. To, amma wanda ya fesa shi a kan kowane sashe bai ɗaya, ya binne shaidar yadda magabata suka yi aikinsu, kuma fentin asali in an kankare shi ba ya dawowa. Don haka ne Yarjejeniyar Turin ta ƙungiyar FIVA, wadda ta fara aiki a 2013, ta yi kira da a kiyaye kayan asali da alamun tsufansu. A 2024 kuwa, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wata Bugatti ƙirar 1934 da aka bari da tsohon fentinta ce ta lashe babbar kyauta, karo na farko ga mota irinta. Mai gyara nagari yakan fara binciken abin da ke jikin ƙarfen, kana ya yanke shawarar inda burushi zai taɓa da inda zai ƙyale.