Zuciyar Dokin Sukuwa

Kakana a Buza yakan ce doki da zuciyarsa yake gudu. Bayan Faransawa sun mamaye Adar a farkon ƙarni na 20, dawakin yaƙi suka koma na sukuwar Sallah, daga Madawa har Keita. In an dawo kilisa, tsohon yakan ɗora tafinsa a haƙarƙarin doki na hagu; in bugun ya rikice, sai a hutar da shi.

A Ingila ma, da zakaran tsere Eclipse ya mutu a 1789, an tarar zuciyarsa ta haura kilo 6. Horo yana ƙara wa zuciya girma, amma in ya yi yawa yakan rikita bugunta. Samarinmu yau kyautar gasa suke hange. Wa zai taɓa haƙarƙarin?